Tsumman Da Na Ɗaura Wa Tunkiyar Inna

Na san wasu za su yi dariya su ce Rabi ta rasa abin ba da labari sai jinyar tunkiya. Su yi ta yi. Na yi jinyar mijina har Allah ya karɓi abinsa, na fito daga waccan jinyar da baƙin ciki, amma ban fito da kunya ba, don na san na yi iyakar yina. Jinyar tunkiyar nan ce ta bar min abin da har yau nake jin nauyinsa a ƙirji. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko wata mai kiwo a bayan ɗaki za ta ji ta fi ni hankali.

Ni mutuniyar Zango ce, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Inna Dudu kuwa Bafulatana ce, rugarsu na can wajen garin Babban Mutum, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Mun saba ne tun tana kawo nono gari. A tsakar gidana take sauke ƙwarya ta huta, ta ba ni man shanu in ba ta ƙuli. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum sai "Kaɗo", kamar ni kaɗai ce Bahaushiya a ƙasar Daura. Ban taɓa jin haushi ba.

Da na fita takaba, gidan nan babu ko kaza. Jinya ta cinye komai. Wata rana sai ga Inna ta shigo tana jan igiya, a ƙarshen igiyar wata tunkiya uda, doguwa, rabin jikinta na gaba baƙi, na baya fari, kunnuwa har suna lilo. Ta ɗaure ta a jikin turken da babu komai, ta kakkaɓe hannu.

"Habbanaye ce," in ji ta. "Kada ki yi min godiya, ba kyauta ba ce."

A wurinsu, idan amininka ya shiga wani hali, ba ka ba shi sadaka, don sadaka tana sa mutum ya sunkuyar da kai. Sai ka ba shi aron dabba mace. Zai riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan duk nasa ne, sannan ya mayar maka da uwar. Akwai kuma wani sharaɗi da ba a faɗa da baki: mai dabba ba ya tambayar lafiyarta, ba ya leƙa turkenta. Idan ya tambaya, kamar ya ce ne bai yarda da kai ba. Don haka duk abin da ya same ta, kai da aka ba wa ne za ka buɗe baki.

Kafin ta tafi ta shafa bayan tunkiyar ta ce jikanyar jikanyar wadda mahaifiyarta ta ba ta ce ranar da aka kai ta ɗakin miji. A tsaye ta faɗi haka, tana gyara gammo, kamar maganar ba ta da wani nauyi. Ba mu raɗa mata suna ba, Uda kawai muke ce mata.

Haihuwar fari ta ba ni ɗan rago. Na turke shi, na sayar, na gyara ɗakin da ruwa ya kayar. Ta biyu ma namiji, shi kuma hidimar makarantar yara ta tafi da shi. Saura haihuwa ɗaya ke nan, kuma ba ni da mace ko ɗaya da zan kafa nawa garken da ita. Idan ta uku ma namiji ne, zan mayar da Uda in koma inda na fito. Wannan lissafin ne a kaina dare da rana, kuma duk abin da na yi daga baya daga nan ya taso.

Da kaka ne, ana cikin cirar gyaɗa, bayan na yaye ɗan na biyu. Ina cire mata kaska a cinya sai hannuna ya taɓa wani ƙullutu a hantsarta ta hagu, bai fi gurjiya ba, mai tauri. Na matsa, ko motsi ba ta yi ba. Na san ciwon hantsa irin wanda tumaki ke yi: wurin ya yi ja, ya yi zafi, tunkiya ta riƙa shuri idan an taɓa, nono ya tsinke ya yi gudaji. Wannan babu zafi, babu ja, tana cin harawarta hankali kwance. Abin da ya kamata ya ba ni tsoro shi ne ya kwantar min da hankali. Na ce abin da ba ya ciwo ai ba cuta ba ne.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, a ranar tunanin Inna ya zo min. Waya ce kawai zan kira ta ɗanta in ce a ba ta. Amma na san abin da zai biyo baya: za ta aiko a ɗauki tunkiyar a kai ruga 'ya'yanta su duba, ni kuma haihuwata ta uku ta tafi ke nan. Sai na yi shiru. Satin bai ƙare ba na ja Uda na kai ta gidan Sale, ƙanin marigayi mijina, wanda dillali ne a kara, kasuwar dabbobi, kuma yana da wani ƙaton rago balami. Ta kwana biyu a can, ta dawo da ciki.

Wata bai cika ba gurjiya ta zama ƙwan zabo. Nan na fara neman shawara, amma a wurin waɗanda na san ba za su kai labari ruga ba. Maƙwabciyata Iya Kande, wadda babu cutar da ba ta da maganinta tun daga kan mutum har jaki, ta leƙa ta ce nono ne ya kwanta. Ta sa na kwaɓa kanwa da man shanu ina shafawa. Man shanun ma na Inna ne, wanda ta kawo min, kuma na lura da haka ina cikin shafawar. Da wannan bai yi ba, ta ce a gasa ganyen tumfafiya a riƙa dannawa da ɗuminsa. Na yi safe da yamma, har Uda ta saba, da ta ga na hura wuta sai ta juya min baya ta tsaya.

Ranar kasuwa na je wurin mai sayar da magungunan dabbobi na kwatanta masa. Bai ga tunkiya ba, bai ce in kawo ta ba, ni ma ban so ya ce ba. Ya ba ni allura a kwalba ya ce a yi mata sau uku, kumburi zai sace. Sale ya yi mata. Kwalba ta ƙare, muka sayo wata. Kumburi bai san ana yi ba. Kafin cikinta ya fito sosai ya kai goruba, ya yi tudu-tudu, har ya sa tana tafiya tana ware ƙafar baya.

Sai aka zo kan sakiya. Iya Kande ta danna da yatsa ta ce ruwa ya taru a ciki, ya nuna, fita kawai yake nema. Sale ya goyi bayanta, ya ce a kara kullum ana yi wa dabbobi masu maruru haka, a huda da ƙarfe mai zafi mugunya ta fita, kwana kaɗan su warke. Ni da hannuna ya fi na kowa sanin wurin, na san babu laushi ko kaɗan a jikinsa. Na sani sarai. Amma ina son a ce ruwa ne, don ruwa ana iya fitar da shi ba tare da kowa ya ji ba.

Ni na riƙe kanta a tsakanin gwiwoyina. Sale ya gasa tsinken ƙarfe har ya yi ja. Ba zan kwatanta kukan da ta yi ba, sai dai in ce tunkiya dabba ce mai haƙuri, ba ta cika kuka don ciwo ba, kuma a ranar ta yi. Muka zuba ido muna jiran mugunya. Babu ko ɗigo, sai jini. Iya Kande ta ce wataƙila bai gama nuna ba, ta ɗauki takalminta ta tafi duba tukunya. Sale ya goge ƙarfensa da ƙasa. Aka bar ni da tunkiyar mutane tana rawar jiki a hannuna.

Wannan hudar ba ta taɓa rufewa ba. Kullum sai ta ƙara faɗi, nama yana turowa waje, yana tsiyayar ruwa. Ƙudaje suka samu wurin zama. Sannan wari ya fara.

A cikin wannan halin ne Inna ta aiko cewa za ta shigo gari ta biyo ta gaishe ni. Abin da na yi a safiyar nan shi ne abin da ya fi komai ci min rai. Na yaga tsohon zanena, na naɗe hantsar da shi, na ɗaure ta saman bayanta, irin ɗaurin da ake yi wa tunkiya idan ana yaye ɗanta don kada ya sha. Na matsar da turken can bayan rumbu. Na share gida, na sa turaren wuta har kusurwa biyu, kamar mai jiran baƙin biki.

Inna ta zo, ta zauna a tabarma ta ba wa rumbu baya, yadda ta saba. Ta ci ɗumame, ta tsokane ni cewa yajina ya fi ƙulina daɗi. Ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa, ta ba ni labarin wata saniyarsu da ta ɓata aka tsince ta kusa da Kongolam. Ni kuwa kunnena na bayan rumbu. Da ta tashi tafiya, na raka ta zaure, na ɗora mata ƙwarya. Sai ta tsaya.

"Kaɗo, lafiya dai ko? Gidan duka?"

"Lafiya lau, Inna."

Ta dube ni, ta ɗan jima tana dubana. Sannan ta ce, "To, madalla," ta fita. Na koma ciki na kwance tsumman, ya manne da ciwon, sai da na jiƙa shi da ruwan ɗumi ya fita. A ƙarƙashinsa na fara ganin tsutsa.

Tsutsar ce ta kai ni asibitin dabbobi a Daura, ba hankali ba. Samun mota ma sai da na sha wuya. Direba na farko ya buɗe but ɗin motarsa, ya ji wari, ya rufe ya ce shi fasinja yake ɗauka. Na biyu ya yarda bayan na ƙara masa a kan abin da ya nema, kuma duk hanya wata mata a bayana tana toshe hanci da mayafi tana tsaki. Na so in juya in gaya mata magana, don ni ba a yi min tsaki in yi shiru, amma a ranar ba ni da bakin faɗa.

Na tarar da layi: masu raguna, wani da akuya mai karyayyar ƙafa, wani dattijo da kwandon kaji. Muka zauna a inuwar darbejiya har rana ta take. A hankali na ga kowa yana jan dabbarsa nesa da tawa. Dattijon mai kaji ne kaɗai ya matso, ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Baiwar Allah, ina kike tun tuni?" Na kawar da kai na ci gaba da kore mata ƙuda.

Likitan saurayi ne, sa'an ƙanena, kuma Allah ya saka masa da alheri, bai yamutsa fuska ba. Ya sa safar hannu ya durƙusa. Ya daɗe yana lalube, ba ma a kan ciwon kaɗai ba, har sama da hantsar, a matsematsin cinya. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin, na ji wata kaluluwa mai tauri kamar dutse. Ya saurari ƙirjinta, ya taɓa cikinta.

"Mama, wa ya huda wannan?"

"Mu ne, likita. An ce ruwa ne."

"Ba ruwa ba ne, nama ne. Ƙari ne ya fito mata a hantsa." Ya ce a tumaki ba a cika ganinsa ba, yawancin kumburin hantsa ciwon nono ne da allura ke warkarwa, shi ya sa mutane ke ruɗewa. Ya ce ba zai rantse da irinsa ba sai an yanki ɗan naman an kai ɗakin gwaji, amma taurinsa, da yadda ya fashe, da wannan kaluluwar, da abin da yake ji a ƙirjinta, duk sun nuna mugun ne, kuma ya riga ya bazu.

"Tun yaushe kika fara ganinsa?"

"Tun kaka."

"Yaya girmansa a lokacin?"

"Kamar gurjiya."

Ya cire safar hannun. Sannan ya faɗi maganar da har yanzu nake ji idan na kwanta. "Da a lokacin kika kawo ta, da ana iya cire ɓangaren nan gaba ɗaya. Ba na ce lalle ta warke ba, amma da an gwada. Yanzu babu abin cirewa."

Ya ce hanya biyu ce. Ko a hutar da ita yanzu, ko a yi ta lallaɓawa har ta haihu, tunda cikin ya tsufa, amma in sani wahala za ta sha. Ya ce ko wanne na zaɓa, kada a sayar da namanta, kada a ci. Ya tambaye ni ko tawa ce. Na ce amana ce. Ya ce, "To ki gaya wa mai ita yau." Na ce to.

Ban gaya mata ba. Na gaya wa kaina cewa in ta haihu zan je da bakina, ya fi mutunci a kan waya. Gaskiyar maganar ita ce ina jiran in ga abin da ke cikin cikin nan.

Daga nan jinya ta koma ta gaske. Safe da yamma ina wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi, in tsince tsutsa da tsinke ɗaya bayan ɗaya, in fesa maganin da likita ya rubuta. Na ɗauko gidan sauron marigayi na kafa mata a bayan rumbu saboda ƙuda, har yaran unguwa na leƙowa ta katanga su ga tunkiya a gidan sauro. Ta daina cin harawa, sai na koma dama mata dusa da ruwa-ruwa ina ba ta a tafin hannu. Ta rame, ƙashin bayanta ya fito, cikin ne kaɗai ke girma. Wani tari ya kama ta, busasshe, wanda ke girgiza ta duka.

Sana'ata ma ta kwanta. Wa zai sayi mai da ƙuli a gidan da ke wannan warin? Matan da suka shekara suna aiko min da kwalabe suka koma wani gida, kuma ban ga laifinsu ba. Jarin ya tafi a magani da kuɗin mota. Ban yi kukan wannan ba, na ga kamar hakkina ne nake biya.

Sale ya zo wata rana ya tsaya daga nesa, hannu a hanci.

"Yaya Rabi, ki bar wahalar da kanki. Akwai mahautan da ba sa tambaya. A yanke wurin a yar, sauran nama ne. Ki haɗa da ɗan abin da kike da shi in samo miki wata uda a kara, ki kai wa tsohuwar nan. Tunkiya ai tunkiya ce."

"Kai za ka ci naman?"

"Ni ban ce ni ba."

"To 'ya'yan wa za su ci? Fita min daga gida, Sale, kafin in manta kai ƙanin mijina ne."

Na yi masa tas har maƙwabta suka ji. Amma da ya fita, sai na zauna na tambayi kaina da me na fi shi. Shi yana so ya ci da namanta, ni ina so in ci da cikinta. Bambancinmu kawai shi ya faɗa da baki.

Da hantsi ta haihu, ana tsakiyar zafin bazara. Ba ta da ƙarfin nishi, sai da na sa hannu na taimaka. Ɗan ya faɗo, na share masa hanci, na ɗaga ƙafarsa na duba. Mace ce. Uda sak, gaba baƙi baya fari, har kunnuwan. Zan faɗi abin da na ji, don saboda shi nake wannan rubutun: daɗi na ji. Uwar na kwance tana haki, ko juyowa ta lashe 'yarta ta kasa, ni kuma zuciyata ta yi fari. Daɗin bai daɗe ba, amma shi ya fara zuwa.

Na tatso ɗan nonon da ya samu a ɓangaren mai lafiya na ba 'yar, don likita ya ce kada ta kusanci ɗaya ɓangaren. Daga nan sai nonon akuyar Iya Kande a bulumboti. Ita Iya, duk da shawarwarinta da suka kai mu suka baro, kullum da safe sai ta tatso ta kawo da kanta, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Na gode mata, kuma har yau ina jin haushinta, duka biyun.

Uda ba ta sake tashi ba. Ta daina karɓar ko ruwa. Kowa ya leƙo sai ya ce a hutar da baiwar Allah nan. A nan na gane ramin da na haƙa wa kaina. Ba ni da ikon sa mata wuƙa, don ba tawa ba ce. Sai mai ita ta ce a yi. Mai ita kuwa ba ta san komai ba, saboda ni. Duk numfashin da take ja da ƙyar a bayan rumbun nan, kunyata ce take biya.

Na hau babur na tafi ruga. Na tarar da Inna a gindin wata ƙirya tana wanke ƙore. Ta ga fuskata ta ajiye abin da ke hannunta. Ban bari mun gama gaisuwa ba, na durƙusa na faɗa mata komai: gurjiya, ragon Sale, sakiya, likita, har tsumman. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta shiga bukka ta ɗauko mayafi ta ce, "Mu je."

Da muka shiga gida, a karo na farko tun da ta kawo tunkiyar nan, ta wuce kai tsaye bayan rumbu. Ta ɗaga gidan sauron ta zauna a ƙasa. Ta yi wani ɗan sauti da harshe, irin kiran da suke yi wa dabbobinsu. Tunkiyar da ta kwana biyu ba ta motsa ba ta ɗaga kai, ta ɗora a cinyarta. Inna ta riƙa shafa kunnuwan tana magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Ban ji abin da take cewa ba, kuma ban tambaya ba.

Can ta ce, "A kira namiji ya hutar da ita."

Sale ya yanka. Muka haƙa rami mai zurfi a bayan gida muka binne ta, yadda likita ya ce.

Bayan mun wanke hannu, na ɗauko 'yar na ajiye a gaban Inna. Na ce ta tafi da ita, jininta ne, ni ban cancanci riƙe ta ba. Ta ture ta da bayan hannu, a hankali, ta dawo gabana.

"Ba a biyan habbanaye. In ta mutu, ta mutu. 'Yar taki ce."

"Inna, ba mutuwa kawai ta yi ba. Ni na ɓoye miki."

"Na sani."

Na ɗago na dube ta.

"Ranar da na zo na sani. Kaɗo, a cikin dabbobi aka haife ni, turaren wuta zai ɓoye min warin ciwo? Kuma na hango tsumma. Wa ke yaye tunkiya mai ciki?" Ta gyara zama. "Na tsaya a zaure na tambaye ki. Iyakar abin da al'ada ta bar ni in yi ke nan. Na koma gida ina jiran wayarki. Kullum sai in tambayi ɗana ko an kira."

Sai hawaye suka zubo min.

"Kada ki ɗauki laifin duka," in ji ta. "Ni ma na ji wari na fita na bar ta, don kada a ce Dudu ta leƙa turke. Ke kunya, ni kunya. Tunkiyar ce kaɗai ba ta da laifin komai."

Ta ƙi kwana. Na raka ta bakin titi, har babur ya ɓace ban ga ta waiwayo ba.

Ga abin da zan gaya wa masu kiwo, mata musamman, tunda mu ke shafa dabbobin nan kullum. In kin ji ƙullutu mai tauri a hantsa, wanda ba ya zafi kuma allura ba ta taɓa shi, kada rashin ciwonsa ya ruɗe ki. Kada ki bari a huda. Ki kai likita ya gani tun yana ƙarami. In kuma dabbar ta wani ce, ki faɗa a ranar. Likitan nan ma da zan fito ya ce min, "Mama, wannan maganar ba ta tumaki kaɗai ba ce, ku ma ku riƙa duba jikinku." Na faɗa wa Iya Kande, ta ce yaran zamani ba su da kunya, amma na ga maganar ta shige ta.

'Yar ta rayu. Ta tashi a bulumboti tana bina har ɗaki, tana cin gyaɗar sana'a in na juya baya. Inna ta ci gaba da zuwa, muna gaisawa, muna musayar man shanu da ƙuli, amma wani abu ya tsaya a tsakaninmu da ba ya tafiya. Ta daina tsokanata. Har sunana ta fara kira, Rabi, kuma ban taɓa jin sunana ya yi min nauyi haka ba.

Da 'yar ta isa ɗaukar ciki, bayan an kawar da amfanin gona, na ɗaura mata igiya na hau mota da ita zuwa ruga. Ita ce macen da na yi duk wannan ɓarnar don in samu, kuma ita kaɗai gare ni. Inna na ganina ta haɗe fuska.

"Na gaya miki ba a biya."

"Ba biya na zo yi ba, Inna." Na wuce ta, na ɗaure igiyar a turkensu, na kakkaɓe hannu. "Habbanaye ce. Kada ki yi min godiya, ba kyauta ba ce. Ta haihu sau uku ki dawo min da abata."

'Ya'yanta da ke zaune suka dubi juna. Tsohuwar da ke da garke guda, ga mai ƙuli-ƙuli ta zo ba ta aron tunkiya. Amma habbanaye ba a ƙin karɓarta, wannan ma na koya a wurinsu. Inna ta tashi, ta zagaya 'yar, ta shafa kunnuwan. Sai ta durƙusa a gabana, ta sa hannu a ƙarƙashinta, ta lalube hantsar a hankali, dama da hagu. Ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Lafiyarta ƙalau," ta ce. "Na karɓa. Ke kuma, Kaɗo, duk ranar da kika zo, ki wuce turke ki duba da hannunki. In kin ji wani abu ki tambaye ni. Ni ma in na ji, ba zan kai gobe ba."